Yadda ake cin ɗanɗano a Nima ba tare da an taɓa aljihu ba

A Zongon Akra akwai wata sana'a da ba ta buƙatar jari, wato neman ɗanɗano, wanda samari ke kira “testin”. Sai dai tana da ƙa'idoji.

Da farko a zaɓi rana. Laraba ce ranar cin kasuwar unguwar Nima, lokacin da cunkoso ke hana mai kaya riƙe fuskar kowa. Gwani kan fara da layin masu garin rogo, domin a nan ɗanɗanawa al'ada ce. Zai ɗebo da yatsu uku na hannun dama, ya watsa a baki, ya ɗan ɗaure fuska, sannan ya tambaya: “Hajiya, olonka nawa?” Olonka gwangwanin awo ne, kuma ambatonsa kaɗai na sa a ɗauke shi babban mai saye. Idan an faɗi kuɗi, sai ya ce garin bai ji wuta ba, ya matsa wurin mai gyaɗa, daga nan mai aya, ya rufe da dabino.

Sutura ma tana aiki. Mai babbar riga da makullin mota a hannu ana miƙa masa tun bai nema ba, ko da a motar haya ta trotro ya zo.

Da almuru a koma wurin mai tsire, wanda sauran 'yan Gana ke kira cicinga. Nan ake son natsuwa. A yi sallama, a gaida Alhaji da aiki, a yaba yajin ƙuli, a zuba wa tukuba ido har wuƙa ta yanko ɗan tsoka. Yanka ɗaya kyauta ne; na biyu kuwa ciniki ya faɗa, sai a fito da sidi.

Kada a gwada wannan dabara wurin mai wake da shinkafa. Ita ba ta buɗe tukunya don ɗanɗano, gyara kawai take yi, kuma sai wanda ya biya.

Babban haɗari shi ne a Zongo kowa ya san kowa. Wanda aka gane a Nima, labarinsa zai riga shi isa unguwar Mamobi. Sai ya shiga mota zuwa Sabon Zongon Malam Baƙo, inda kuɗin motar kaɗai ya isa sayen tsinke biyu.