Limamin Abijan

Duk ɗan Nima in ya ji an tafi da wani Nsawam, abin da zai fara tambaya shi ne shekara nawa alƙali ya yanke masa. Shi ya sa ranar da na gaya wa innata cewa Masta, shugaban sikawut ɗinmu, zai kai mu Nsawam a dogon hutun Agusta, ta saki ludayin koko ta hau salati. Da ƙyar na gamsar da ita cewa ba gidan yarin za mu ba, sansanin 'yan sikawut za a kafa a daji, can wajen kogin Densu.

Babana cewa ya yi ba da ɗansa ba. Gajeren wando, sara wa tuta, ga allo zai kwana a jingine. Kakana ne ya raba gardama, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama kafin ya dawo ya yi gida a Nima. Ya ce, "Ƙyale shi ya je ya ga inda babu famfo, babu mai waakye." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

A lokacin ji nake babu abin da zai gagare ni. Yaron da ke tsallake babban gwatan da ke tsakanin Nima da Maamobi, ya buga ƙwallo ba takalmi a Kawukudi, ya ratsa kasuwar Laraba da tiren ƙosai bai zubar da ko ɗaya ba, wane daji ne zai ba shi tsoro? Tun a cikin tirotiro na fara cika baki. Masta ya tambayi wa ya iya hura wuta, na ɗaga hannu. Ya tambayi wa zai riƙa jan yara Musulmi salla, na sake ɗagawa. Da ya tambayi wa ya iya tuƙa jirgi ma, da hannuna na sama.

Dokar sikawut ta gargajiya ita ce ka tada wuta da ashana biyu, ba ƙari. A gidanmu kuwa gawayi ne a kurfoti, da kananzir, da yayyena mata masu yin aikin ina gefe ina ba da shawara. Nan aka miƙo mini ɗanyen icen da ya sha raɓa. Ashana ta farko iska ta ɗauke, ta biyu ta karye tun ba ta kama ba. Na durƙusa ina hura icen da babu ko tartsatsi a jikinsa, don dai a ga ana aiki. Daren nan gari muka jiƙa da sukari, kowa yana ci yana harara ta.

Saura limanci, wanda nan ne nake ganin zan wanke kaina. A Nima ba wanda ke neman alƙibla, kowane lungu da masallacinsa, bangon ya riga ya yi maka aikin. A daji kuwa, kuma a watan Agusta da hadari ke rufe sama rana ba ta leƙowa, sai da kamfas. Masta ya ce daga nan alƙibla tana gabas, a ɗan karkata arewa, ya ba ni abin ya tafi. Na nemi wuri mai sauƙin gani na ɗora shi a kan akwatin ƙarfe, na tsuke fuska, na bi allurar inda ta ga dama, na ja layi a ƙasa da sanda. Ba wanda ya gaya mini ƙarfe yana jan allurar kamfas, ko kuwa an faɗa ina can ina ɗaga hannu.

Muka yi ta salla a kan layin nan, ina jan sura da muryar da na aro daga limamin unguwarmu. Sai wata safiya gari ya washe, muna zaune muna azkar bayan Asuba, rana ta fito ta dafa mana ƙeya. Wani yaron Osu, Kirista, ya tsaya da bokitinsa ya ce, "Ku ba gabas kuke kallo ba da?" Masta ya zo ya duba layina, ya duba rana, ya ce wannan hanya in an miƙe ta Abijan za ta kai mutum. Kafin a busa usur na karin kumallo sunan ya kama ni, kuma har yau akwai masu furfura a Maamobi da ba su san ni da wani suna ba.

Abu ɗaya na koya da kyau, gaisuwar sikawut da hannun hagu. Masta ya ba mu labarinta a bakin wuta, wadda wani ya hura. Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut a 1907, ya zo ƙasar nan a 1895 cikin rundunar da ta shiga Kumasi ta kama Prempeh, sarkin Asante, a farkon 1896. Ana cewa a wajen Asante ya ga jarumai na gaisawa da hagu, domin sai ka ajiye garkuwa kafin ka miƙa wannan hannun. Labarin ya shige ni ƙwarai. Na ga ai ni ma jarumi ne.

Na dawo gida da yamma, kaka yana kan buzu a ƙofar gida da dattawan unguwa. Na ƙame, na sara, na miƙa masa hagu. Wurin ya yi tsit. Ya dubi hannun, ya dube ni, na yi sauri na zuba masa tarihin Prempeh da garkuwa.

Ya ce, "Hausawa nawa suka raka Baturen nan Kumasi? Ka taɓa jin ɗaya ya dawo yana miƙa wa kakansa hannun tsarki?" Ya kama kunnena, da dama, ya durƙusar da ni. "Gaida mutane. In ka gama ka shiga ka hura wa innarka wuta, tunda daga daji kake."