Ruwayoyin Shanyar Citta a Kachia

Sa'ad da masu sayen citta na ƙasashen waje suka aiko wa wata ƙungiyar dillalai ta Kachia cewa ba za su ƙara karɓar buhu ko ɗaya ba sai an nuna musu rubutacciyar ƙa'idar sarrafa ta, tun daga tono da wanki har tsagawa da shanya da ɗinkin buhu, dattawan ƙungiyar suka duba gabas, suka duba yamma, ba su ga wanda Allah ya haɗa wa alƙalami da rashin aikin yi ba face ni, saboda haka suka naɗa ni magatakarda.

Na fita cikin hunturu, lokacin da duwatsu da gefen titi suke lulluɓe da shanya, da niyyar in bi tafarkin malaman hadisi, kada in rubuta kome sai abin da na ji daga bakin mai shi. Sai dai tun daga annobar ruɓewar citta ta 2023, wadda ta cinye gonaki daga Kachia har Kagarko da Jaba, duk wanda aka gani da kundi a hammata ɗaukarsa ake yi mai rubuta sunayen tallafi. Kafin in gama sallama an jera mini sahu, har da wani mai facin taya wanda ya rantse shi ma ya yi asara. Da na bayyana haƙiƙanin abin da ya kawo ni, jama'a suka watse, aka bar ni da wata tsohuwa mai tsaga citta, wadda ko kai ba ta ɗaga ba.

Na ce, "Mama, kwana nawa ake shanya ta?" Ta ce, "Sai ta bushe, ɗana." Na ce, "To, yaya ake sanin ta bushe?" Ta ce, "Ka karya ta, in ta ce ƙas, ka zuba a buhu." Na rubuta wannan da isnadinsa.

Wani dattijo da ke gefe ya raunana ruwayar nan take, yana mai cewa hukuncin citta irin tafin giwa dabam, na irin yatsun biri dabam, kuma haƙori ne alƙali, ba kunne ba. Ya miƙo mini yatsun biri, wadda ta fi 'yar'uwarta yaji, ya ce, "Malam, tauna." Da yake neman ilmi wajibi ne, na tauna. Hawayen da suka biyo baya suka sa masu wucewa suka tsaya yi mini jaje, suna tambaya kadada nawa ta ruɓe mini. Dillalin da na tambaya sha'anin awo kuwa, ya zaci ɗan haraji ne ni, ya tabbatar mini ba shi da wata alaƙa da citta, alhali a kan buhunta yake zaune.

Ranar da na karanta wa dattawa abin da na tattaro, kowane fasali sai da aka yi saɓani a kansa har aka kusa bai wa hammata iska, ba a sami ijma'i ba sai a mas'ala guda, wato wajibcin korar awaki daga shanya. Shugaba ya ce, "Malam, rubuta wannan, sauran kuma ka ce a yi yadda aka saba." Haka aka sa hannu aka aika, kuma har yau ba a biya ni kuɗin mota ba.