Maharban Takarda: Ire-iren Masu Gwajin Bindigar Talotalo a Amurka

Kafin watan Afrilu ya kama, wato lokacin da yawancin jihohin Amurka ke buɗe farautar talotalon daji, takarda ce ke fara shan wuya. Duk ƙarshen mako sai ka ga ƙarti sun yi dafifi a filayen gwajin harbi da bayan gonaki, kowa da bindigarsa da naɗin takarda a hammata, suna ta luguden wuta a kan abin da bai yi musu laifin komai ba.

Wanda ya saba da talotalon gida, mai tafiyar ƙasaita a tsakar gida yana jiran ranar biki, zai yi mamakin wannan wahala. Na daji daban ne. Idonsa ya fi na mutum kaifi, yana gudu, yana tashi sama, kuma gashinsa da ƙasusuwan fukafukansa kan tare harbi. Saboda haka kai da wuya ake nema, su kuwa ba su da wani faɗi. Bindigar da ake amfani da ita irin mai watsa ƙwayoyi ce: harsashi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma, suna fita a dunƙule, suna bazuwa yayin da suke nisa. A bakin bindigar ana ɗaura wani ɗan bututun matsi da ke tsuke hanya don kada su bazu da wuri. To, kowace bindiga da halinta, kowane bututu da nasa, kowane harsashi da nasa, kuma ba a sanin yadda ukun za su zauna lafiya sai an gwada. Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne a kafa takarda a nisan yadi 40, a harba, a ga ko aƙalla ƙwaya 100 sun faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 10.

Tsuntsun ya kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20. Da aka dukufa ana kama shi da raga ana sakewa a sababbin dazuzzuka, kuma aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation a 1973, sai ya farfaɗo har ya kai miliyoyi, yanzu ana farautarsa a kowace jiha ban da Alaska. Yadda talotalo ya yawaita, haka masu gwaji suka yawaita, kuma ga ire-irensu.

Akawu

Shi ne ke fara isowa fili, shi ne ke tashi ƙarshe, amma harbi uku kacal zai yi. Sauran yinin na lissafi ne. Yana da na'urar auna nisa, da ma'aunin zafi da sanyi, da wani mariƙin ƙarfe da ake danne shi da buhunan dalma don bindiga ta zauna daram. In ya harba, sai ya ciro takardar a hankali, ya shimfiɗa ta a bayan mota, ya sa tabarau, ya ɗauki jan alƙalami yana ɗiga wa kowane rami alama. Kada ka kuskura ka gaishe shi a wannan lokaci. In ka ce masa sannu da aiki yana kan 187, zai ɗago ya dube ka da idon wanda aka yi wa sata, ya koma daga 1.

Bai tsaya nan ba. Zai raba da'irar gida huɗu ya ga ko wani ɓangare ya fi wani, zai nemi gurbin da kan talotalo zai iya shigewa ba tare da ƙwaya ta taɓa shi ba, sannan ya shigar da komai a kwamfuta. Yana da takardun shekarun baya a naɗe a rumbun mota, kowace da kwanan wata. Ka tambaye shi talotalo nawa ya kawo gida bara, sai ya ce ai bai samu fita ba, gwajin bai kammala ba.

Magajin bindiga

Wannan bai yarda da takarda ba sam. Bindigarsa tsohuwar Remington 870 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1950, ta kakansa ce, katakon gindinta ya yi baƙi don shan hannu. Gwajinsa na shekara shi ne ya ɗora gwangwanin lemo a kan kututture, ya ja baya iyakar inda ransa ya ba shi, ya ɗana kunama. In gwangwani ya faɗi, magana ta ƙare.

"Yaro," in ji shi ga Akawu, "kakana bai taɓa ƙirga rami ba, kuma bai taɓa kwana da yunwa ba."

Abin da bai sani ba, ko ya sani ya ƙi faɗa, shi ne ƙwaya biyu ma sun isa su kayar da gwangwani. Da zai yarda ya kafa babbar takarda sau ɗaya, da ya ga bindigar kakan nan tana zuba yawancin ƙwayoyinta taƙi guda hagu da inda ake auna ta. Shekara da shekaru duk talotalon da ya kuɓuce masa, cewa yake tsuntsun ne ya sunkuya.

Abokin 'yan kasuwa

Kamfanoni na yi wa wannan addu'ar tsawon rai. Ramin bututun bindiga mai lamba 12 faɗinsa wajen inci 0.729 ne, bututun matsi na talotalo kuwa kan tsuke shi zuwa wajen 0.665 ko 0.660. Tsakanin waɗannan 'yan lambobi ne albashinsa ke zurarewa. Yana da akwati guda cike da bututu, kowane an saye shi ne da alkawarin cewa shi ne na ƙarshe.

Da harsashin TSS ya shigo kasuwa sosai, musamman bayan kamfanin Federal ya fara sayar da nasa a 2018, sai ciwon ya tashi gadan-gadan. Ƙwayoyin TSS na ƙarfen tangistin ne, wanda nauyinsa ya kai giram 18 a inda dalma ke da 11 da 'yan kai. Tunda ya fi nauyi, ana iya yin ƙwayar ƙarama ƙwarai ta kuma huda. Oza ɗaya ta dalma mai lamba 5 tana da ƙwaya wajen 170, ta TSS mai lamba 9 kuwa wajen 360. In an harba, takarda sai ta koma kamar rariya. Matsalar ita ce harsashi ɗaya kan kai dala 10 ko fiye. Shi ya sa duk lokacin da ya ja kunama za ka ga ya runtse ido, ba don ƙara ba, don kuɗin. In uwargida ta tambayi nawa aka sayo kwalin mai guda biyar, sai ya ce rangwame aka yi. Da za a tara abin da ya kashe, da ya sayi talotalon kanti na bikin Thanksgiving har na jikoki.

Jarumi

A wajen wannan, harsashin da bai kai inci 3 da rabi ba na yara ne. Irin wannan dogon harsashi ya fito a 1988 tare da bindigar Mossberg 835, kuma dukan da yake yi wa kafaɗa ya kusa na bindigogin da ake harbin giwa da su. A daji ba a cika jin dukan ba, don harbi ɗaya ne kuma zuciya na bugawa. A teburin gwaji kuwa, inda mutum ke zaune ya san abin da ke tafe, babu inda za a ɓuya.

Harbin farko, hularsa ta faɗi, ya ce, "Ko a jikina." Na biyu, ya ɗan yi shiru yana kallon sama. Kafin na uku jikinsa ya riga ya koyi darasi: ido na rufewa, kafaɗa na zillewa, bakin bindiga na nutsawa ƙasa tun kunama ba ta gama tafiya ba. Takarda ta fito fes a sama, ƙasan kuwa ƙura ta tashi. Sai ya ce na'urar saiti ce ta goce. Kashegari za ka gan shi yana shan kofi da hannun hagu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yarinyar da ke teburin kusa, mai 'yar bindiga .410 da harsashin TSS, wadda takardarta ta fi tasa cika kuma ba ta ko girgiza ba.

Mai gajeren taku

Ba ya ɗaukar na'urar auna nisa, ƙafarsa ce ma'auni. Zai kafa takarda, ya juya, ya yi taku 40. Sai dai takun nan na tafiya ne yana ƙanƙancewa, na farko na soja, na ƙarshe na amarya. In aka auna da gaske, da ƙyar ya kai yadi 32. Daga nan ya harba, ya samu adadi mai ban tsoro, ya ɗauki hoto ya tura wa duk wanda ke da lambarsa.

Yana da wata dabara kuma. Masu gwaji kan zana da'irar ne bayan an yi harbi, a kewaye inda ƙwayoyi suka fi taruwa, kuma wannan daidai ne in ana son sanin cunkosonsu. Amma akwai tambaya ta biyu: tarin nan, a inda aka auna ya faɗa? Wannan ita ce ba ya so a yi masa. A hotonsa da'ira ce kawai ake gani cike da ramuka. Ɗigon da ya auna yana can gefe, an yanke shi daga hoton.

Mai uzuri

Duk abin da wannan zai faɗa yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa yake da wuyar kamawa. Iska na karkatar da ƙwayoyi, haka ne. Sanyi kan rage kyan watsuwa, haka ne. Dattin roba da ke maƙalewa cikin bututu yana canja sakamako, shi ma haka ne. Sai dai shi bai taɓa samun ranar da ukun suka ƙyale shi ba. In babu iska, akwai sanyi. In rana ta fito, bututu ne da datti. In ya wanke bututun har yana ƙyalli, sai ya ce ai an san bindiga ba ta harbi da kyau sai ta ɗan yi datti. In duk sun ƙare, kamfani ne ya canja albarushi bai sanar ba.

Mai dogon buri

Yadi 40 raini ne a wurinsa. Takardarsa tana can yadi 60, wani lokaci 70, ana hangenta da ƙyar. In ƙwaya goma sha suka faɗa cikin hoton kan talotalo, sai ya yi ta murna, ya manta cewa a wannan nisa bambancin kisa da raunatarwa ɗan kaɗan ne, kuma tsuntsun da ya gudu da ƙwaya a jiki ya mutu a ƙarƙashin ƙaya ba riba ba ce ga kowa.

Abin dariyar shi ne ranar farauta talotalo bai karanta tsarinsa ba. Maharbi na jingine da itace yana kwaikwayon kukan macen da ɗan akwatin kira, sai namijin ya ɓullo ta bayan kurmi, yadi 10 kacal, yana baza wutsiya. A wannan kusanci ƙwayoyin da aka matse don dogon zango ba su bazu ba, faɗinsu bai fi dunƙulen hannu ba. Tsuntsu ya ɗan karkata wuya, harbi ya wuce, reshe ya karye. Mutumin da ya shirya wa yadi 70 ya kuskure abin da zai iya jifa da takalmi.

Ɗan rakiya

Bai zo da bindiga ba, bai zo da harsashi ba, ya zo da shawara. Yana tsaye bayan kowa, hannu a aljihu. "Ɗan'uwa, da ni ne da lamba 6 zan sa." In an sa lamba 6 ba ta yi ba, "Ai na ce maka bututun ne." Can kusa da tashi sai ya ce ko za a ba shi ya ɗan taɓa guda ɗaya, ya ji yadda take. Kuma idonsa bai taɓa sauka a kan harsashi mai araha ba.

Wadda ba a lura da ita ba

Ana cikin wannan hayaniya wata dattijuwa kan zo ta kama teburin ƙarshe. Da harsashi mai araha take farawa, a kusa, don ta ga ko bindiga na zubawa inda ido ke kallo. In ta goce, ta gyara saiti. Sannan ta sa harsashin farauta, ta zauna a ƙasa, ta ɗora bindiga a gwiwa yadda za ta yi a daji, ta harba a yadi 15, da 30, da 40. Ta duba takardun, ta ga inda ramuka suka fara yin gibi, ta ce a ranta nan ne iyakata. Ba ta ɗauki hoto ba. Cikin rabin sa'a ta tattara kwanson harsashinta ta tafi.

In lokaci ya yi, za ta zauna gindin itace tun duhun asuba, ta auna nisan wasu bishiyoyi ta riƙe a kai. Talotalon da ya tsaya bayan iyakar nan, komai tsawon gemun da ke ƙirjinsa, za ta bar shi ya wuce. Wanda ya shigo ciki kuwa ya shiga tukunya. Ranar Litinin Akawu zai tambaye ta ƙwaya nawa take samu a da'ira, ta ce ba ta riƙe ba. Zai girgiza kai don tausayi, ya ba ta shawarar ta zo ya koya mata.