Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Rigileta

Zuwa ga Mai Girma Rigileta, Sarkin Ƙofar Famfon Gas, mazaunin gindin famfon motata Peugeot 406, 'yar Kwatano.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne in ba ka haƙuri, in kuma kawo ƙararka wurinka, tunda babu alƙalin da zai zauna sauraron shari'ata da ƙarfen da bai wuce babban yatsa ba.

Ka tuna wata Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, da na taso daga Kurfi da buhun gero biyu a but da surukata a kujerar baya? Na taka totur zan wuce wata akori-kura, sai mota ta yi tsit kamar an zare mata rai, fitilar inji ta kawo. Na gangara gefe, na kashe, na ƙirga ashirin, na murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku muka yi haka kafin mu shiga gari. Surukata ba ta ce komai ba, salati kawai take yi, kuma ka san wannan ya fi zagi ciwo.

Wanda na fara kai wa kuka dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin roka da tifa. Kayan aikinsa guduma, kurfi, da sufana mai lamba 17. Ya ce iska ce ta shiga, bari ya sassauta bututun nozul inji na aiki, ya tara yatsa ya ji ko mai na zuwa. Allah ya sa yaronsa ya riƙe masa hannu. Irin injinka, wanda ya fara fitowa a ƙananan motoci a Turai a 1997 da kayan Bosch, yana matsa gas har ya kai bar 1,350 a ma'aunin matsi, alhali iskar tayar motar nan ba ta wuce bar biyu da ɗoriya ba. Man da ya tsirto da wannan ƙarfi huda fata yake yi kamar allura, sai dai a nufi asibiti. Dattijo ya ƙwanƙwasa famfo da ƙotar guduma, ya canja filta, ya sa na sayi wata na'urar auna matsi da ba ta yi laifin komai ba. An bar jaki ana dukan taiki, kai kuwa kana maƙale kana kallonmu.

Sai aka haɗa ni da wani matashi mai kwamfuta. Ya jona ta, ta rubuto P0087, wato matsin mai ya yi ƙasa. Na ce to a ciro mai laifi. Ya ce, "Baba, kwamfuta kukan mara lafiya take ji, ba ta san wanda ya mare shi ba." Wannan magana ta shige ni.

Ban taɓa ganin bincike a tsanake irin nasa ba. Ya fara da ƙaramin famfon cikin tanki, ya tabbatar yana turo mai. Ya ɗaura kwalabe huɗu masu ma'auni a bututun da rarar mai ke komawa daga nozul huɗu, ya bar inji na aiki, muka tsugunna muna kallo kamar masu jiran sakamakon awo. Da ɗaya ta riga sauran cika nesa ba kusa ba, da nozul ɗin ne ke ɓarar da matsin, amma duk suka tashi kai ɗaya. Ya ɗora mita a kan wayoyinka, ya duba soket ko ya yi tsatsa. Sai da ya wanke kewayenka tas, saboda ƙurar hunturu ko ƙwaya ɗaya ba a so ta shiga, sannan ya ɗauko makulli mai bakin tauraro ya kwance ka a hankali. Da dattijo ne, da kurfi zai sare notinka.

Ranka ya daɗe, da na ga halin da kake ciki sai kunya ta kama ni. 'Yar rariyar bakinka ta toshe da baƙin datti da tsatsa, zoben robarka ya tsage. Matashin ya shafa dattin a farar takarda ya kai hasken rana yana neman ƙyallin garin ƙarfe, don in an gan shi, babban famfo ne ke cin kansa, kuma sayen sabonka asarar kuɗi ce. Ba a gani ba. Sai ya tambaye ni inda nake shan mai.

Tun 2022, da litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700, na koma wa 'yan bumburutu da jarkokinsu. Abin da ke ciki, tsakaninsu da Allah: wani da kalanzir, wani da ruwa a gindi. Ashe santsin gas ɗin shi ne man shafawarku kai da famfo, ni kuma ina ɗura muku abin da ke kankare ku don in rage 'yan canji. Laifin nan nawa ne, na karɓa.

Amma kai ma da naka. Me ya sa ba ka faɗuwa gaba ɗaya kowa ya huta? Yau lafiya, gobe yaji, a gaban bakanike kuwa ka zama salihi. Sannan ga 'yan'uwanka a kasuwa, kama ɗaya sak, lamba daban. Da na aika Ƙofar Ruwa a Kano neman zoben roba, sai da aka karanto lambar jikinka a waya sau uku kafin a dace.

Yanzu an wanke tanki, an sa sabuwar filta, kuma na yi alkawarin gidan mai kawai, da rasit. Asabar mai zuwa zan kai surukata biki wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Zobe, ta kuma ce a gaba za ta zauna. Ina roƙon arziki. In kuwa ka ƙi, dattijon nan yana nan da gudumarsa, kuma har yanzu bai yarda ba iska ba ce.

Naka mai biyayya,
Mai Fijo, Kurfi