Zuwa Ga Injiniyan Safana, Mai Kwamfuta Mai Mata Biyu

Bawana, ɗan gwaggo, injiniyan da Safana ta naɗa wa kanta! Labarinka ya iso Batsari tun zufarka ba ta bushe ba. An ce ka haɗa Windows da Ubuntu a kwamfuta guda, yanzu uwargida ta sauya kwaɗon ƙofa, amarya na waje, kai kuma kana ta buga maɓallai kamar mai kiɗan kalangu.

Ban ga laifinka ba da ka ƙaro aure. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta janye kulawar da take ba Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta shiga injin da ba shi da TPM 2.0, balle wannan 'yar gwanjon taka mai batir kamar ran sauro. Ubuntu kyauta ce, ba sadaki ba lefe, abin da ya ja ka ke nan, na san halinka da kuɗi.

Inda ka kwafsa shi ne rabon kwana. Duk sanda aka kunna kwamfuta irin taka, akwai ɗan ƙaramin shiri mai suna GRUB da ke fara tashi, ya jero maka zaɓi: Ubuntu ko Windows? Ƙa'ida ita ce a fara loda Windows, Ubuntu ta biyo baya, don ita tana ganin ta gabanta ta ba ta wuri. Kai kuwa da Windows ta fara nauyi, sai ka sake loda ta a kan komai, ta sa kanta a sahun gaba ta ture GRUB. Har kana shirin yi wa faifan fomatin gaba ɗaya, hotunan bikinka da takardun makaranta su bi ruwa!

Tsaya, kayanka suna nan lafiya. Kunna injin ka danna F12 idan Dell ce ko Lenovo, F9 idan HP ce. In ka ga sunan Ubuntu a jerin, shiga saitin UEFI ka maido ta sama, magana ta ƙare. In babu, ka tada injin daga filashin da aka zuba wa Ubuntu, ka sauko da Boot-Repair ya gyara maka. Kada ka fake da rashin sabis: katse layukan waya na Satumba 2021, da ya haɗa mu da ku, an daɗe da ɗage shi.

In kuma GRUB ya dawo amma Windows ta ɓata daga jerin, kada ka ɗora hannu a ka. Tun daga GRUB 2.06 ake barin os-prober, mai leƙo sauran tsare-tsaren da ke faifai, a kashe. Ka kunna shi, ka rubuta update-grub. Ka kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba sai ta riƙe ɓangarenta na faifai ta hana Ubuntu rubutu a ciki.

Sai agogo, wanda ya tona maka asiri a ɗaurin auren da ka iso bayan an shafa fatiha. Ubuntu na ajiye agogon injin a lokacin Girinwic, Windows na karanta shi a matsayin lokacin gida, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Shi ya sa in ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows, ƙarfe 11 ke zama ƙarfe 10. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 ne maganinsa. Makararka ta tun yarinta kuwa ba ta da magani.

In duk ya gagare ka, rungumo ta ka kawo Batsari ranar Alhamis, ka ci kasuwa, in gyara maka. Ladan aiki ba yawa: kuɗin sharanka na bana sun tafi, kuma kai za ka ɗauko mini buhun rogo har gida.