Ni Na Zana, Ni Na Gina

A kamfanonin haɗa manhaja akwai mutum biyu da ba sa ga-maciji da juna. Ɗaya shi ke tsara yadda manhaja za ta yi wa mai amfani sauƙi, ya zana komai a Figma ya miƙa. Ɗayan injiniya ne, shi zai mayar da zanen abin da ake taɓawa da HTML da CSS da JavaScript, kuma kalmarsa ta farko kullum ita ce "ba zai yiwu ba". Ni da na dubi wannan rigima sai na ga ɓata lokaci ce. Me zai hana in haɗa sana'o'in biyu a kai ɗaya, tunda Allah ya hore mini kan? Ranar na sauya hotona a LinkedIn, na sa wanda na riƙe haɓa ina kallon nesa.

Karatu kam na yi, kada ka raina ni. Na san Don Norman ne ya yaɗa sunan sana'ar mai zanen tun yana Apple a shekarun 1990. Ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya fitar a 1994 na haddace su, har da wadda ke cewa a tare kuskure tun kafin mutum ya faɗa ciki. Na kuma san shawararsa ta 2000, cewa gwaji da mutum biyar ya isa tono yawancin matsaloli. Duk majalisar da na zauna sai na jefa waɗannan sunaye, ko da hirar ƙwallo ake.

Sai kawuna mai atamfa da shadda a Kantin Kwari ya yi ƙorafin littafin bashinsa ya tsufa. Na ce, "Kawu, bar littafin nan, zamani ya wuce shi, zan haɗa maka manhaja."

Abin da ban lura ba, rigimar nan da na raina ita ce birkin motar. Da na zana rubutu siriri mai ruwan toka a kan fari, babu injiniyan da zai tuna mini cewa ƙa'idar WCAG na son bambancin haske ya kai 4.5 bisa 1. Da injiniyan cikina ya ji ƙyuyar rubuta akwatin nan mai tambayar "Ka tabbata za ka goge?", sai mai zanen cikina ya ce ai dama yana ɓata kyan shafi. Muka yi taro, ni da ni, muka amince baki ɗaya. Apple na cewa maɓalli ya kai ma'auni 44, Google na cewa 48. Nawa na tsuke su don su yi kyau a hoto, na jera "Ajiye" da "Goge" kafaɗa da kafaɗa. Gwajin mutum biyar ma an yi shi: ni da safe, ni da rana, ni da dare, sai ƙanena da ke son in saya masa data, da matata da ta ce "ya yi kyau" tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba.

Ranar nuni na sa kaftani mai sitaci. Na riga na kwana biyu ina kwashe basussukan Kawu daga littafi zuwa manhaja, shi kuma ya tara maƙwabtan shago su ga ɗan 'yar'uwarsa injiniya. A babbar kwamfutata shafin na buɗewa kafin ƙiftawar ido. A tsohuwar Tecno ɗinsa mai fasasshen gilashi, sai wani zobe da na ɓata dare ina ƙawata shi ya yi ta juyawa. Wani dattijo ya sha shayinsa ya ƙare, ya tambaya ko an fara. Da shafin ya buɗe, hasken ƙofar shago ya haɗiye rubutun. Kawu ya kare allon da hularsa, ya matso da ido.

"Ina sunayen?"

"Suna nan, ranka ya daɗe, salon ne haka."

Ya lalubo wani dillali da ke bin layin Maraɗi, wanda bashinsa ya fi na kowa nauyi, zai ƙara masa turmi goma. Allon rubutu ya taso ya rufe rabin shafin, maɓallan biyu suka maƙale a gefe. Babban yatsan Kawu, wanda ya shekara talatin yana ƙirga kuɗi, ya sauka a kansu duka. Sunan ya zame gefe a hankali ya ɓace, da irin lallausan motsin da na fi alfahari da shi a duk aikin. Wallahi ko a lokacin sai da na ji daɗin yadda ya tafi sumul.

"Ya ajiye?"

Na buɗe baki in ce laifin injiniya ne, kamar yadda kowane mai zane ke yi. Na juya in ce laifin mai zane ne. Duka biyun suna cikin kaftani ɗaya suna gumi. Kawu ya kira yaron shago ya ciro littafin daga ƙarƙashin dilar shadda, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin dillalin a take. Sannan ya miƙa mini biro ya ce, tunda hannuna ya iya zane, in rubuta turmi goman da kyau.