Zaɓen Talabijin da Eriya Domin Ayarin Hanyar Jibiya

Talabijin ɗin ayari shi ne wanda ake tafiya da shi cikin mota, a kunna shi a zango bayan isha'i, a naɗe shi da asuba. Na falo ana sayensa ne domin baƙi su gani su yi sha'awa, shi kuwa na ayari domin jira ake sayensa, kuma wannan bambancin ne ke yanke hukunci kan girmansa, da wutar da zai ci, da irin eriyar da za a haɗa masa.

Ayarin da ake nufi a nan shi ne jerin tireloli da manyan motocin kaya da ke tasowa daga Katsina, su ratsa Jibiya, su tsaya a Magama inda ƙofar iyaka take, sannan su shiga Ɗan Isa su nufi Maraɗi. Direban da ya fi kowa daɗewa a hanya ya gaji matsayin madugu, bakin ƙofa kuma ya zama zango. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma ba da kilomita ake auna wannan tafiya ba. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agusta 2019, kuma ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, ta Jibiya sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Mai sayen talabijin da lissafin kwana ɗaya a bakin iyaka bai karanta tarihin ƙofar ba.

Girman da ya dace yana tsakanin inci 19 da inci 24. Wanda bai kai haka ba yana sa kawunan masu kallo su riƙa karo, wanda ya wuce inci 32 kuwa ba ya shiga bayan kujerar direba, kuma yana jawo jama'ar da ta fi ƙarfin tabarma. Masu kallo a zango ba sa jiran gayyata. Da zarar hoto ya fito, yaran motocin maƙwabta za su matso, mai shayi zai juyo da bencinsa, ɗan canji zai zo da jakarsa a hammata ya ce yana wucewa ne, ya zauna har a tashi. Saboda haka lasifika ta fi fuska muhimmanci. Inda injin tirela uku ke ruri a lokaci guda, talabijin mai hoto garau da siririyar murya fim ɗin bebaye kawai yake nunawa.

Tsohon talabijin mai doro yana da magoya baya har yanzu, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne: ana iya zama a kansa, ɓarawo ba ya sha'awar ɗaukarsa, idan ya yi gardama kuma mari ɗaya a gefe yakan dawo da shi hayyacinsa. Illarsa cin wuta, don yakan sha ninki biyu ko uku na abin da siririn na yanzu yake sha. Siririn kuwa ba ya ɗaukar mari, ba ya son a kwantar da shi a kan gilashinsa, kuma ramin hanya ɗaya ya isa ya zana masa taswira a fuska. A tsaye ake ɗaukarsa, a naɗe cikin bargo, a matse tsakanin katifa da bangon mota. Ba a barinsa a gaban gilashi a watan Afrilu, lokacin da zafin yankin ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Da hunturu ƙura ce ke shiga ta ramukan bayansa, don haka a rufe shi da zane duk sa'ad da ba ya aiki.

Maganar wuta ita ce inda mafi yawan masu sabon talabijin ke yin asara. Ƙaramar mota tana aiki da bolt 12, babbar mota kuwa bolt 24, daga batura biyu da aka jera. Talabijin mai shan bolt 12 kai tsaye shi ne zaɓin farko, domin ba ya buƙatar inbata, wadda ita ma tana cin nata rabon kafin ta miƙa saura. Amma wanda ya jona shi a bolt 24 ba tare da na'urar rage wuta ba zai ga shiri ɗaya tak, na hayaƙi, kuma ba a maimaita shi. Akwai masu dabarar ɗaukar wuta daga batir ɗaya cikin biyun. Talabijin zai kawo, sai dai baturan za su rabu a ƙarfi, ɗaya ya riga ɗaya mutuwa. Batir ɗin kallo dabam, na tayar da mota dabam. Motar da ke ɗauke da tan 30 na siminti ba a tura ta, kuma jama'ar da ta cika tabarma da dare ba a ganin ko mutum ɗaya daga cikinta da safe idan aka ce a kama.

Lissafin ba shi da wuya. Batir mai amfiya 100 a bolt 12 yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya, kuma idan ana son ya yi tsawon rai rabin wannan kawai ake sha. Talabijin mai cin wat 30 da dikoda mai cin 10 za su yi kimanin awa 15 a kan wannan rabin, wato dare uku ko huɗu na kallo mai mutunci. Wannan lissafi bai haɗa da wayoyin da za a kawo caji ba, waɗanda adadinsu ke ƙaruwa daidai da yawan masu cewa minti biyar kawai. Faifan sola mai wat 100 da aka shimfiɗa a kan rufin mota yana mayar da abin da aka sha a dare ɗaya cikin yini guda, muddin ana share masa ƙura. Janareto ba shi da farin jini a wannan hanya. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya na ciki, sannan cire tallafin mai a Mayu 2023 ya ƙarasa abin da ya rage na sha'awarsa. Wanda zai roƙi wuta a shago kuma ya tuna cewa soket ɗin Najeriya mai baki uku ne irin na Ingila, na Nijar mai zagayayyen baki biyu irin na Faransa. Adafta ba ta da tsada. Cusa tsirarar waya a tokare ta da tsinken ashana al'ada ce mai daɗaɗɗen tarihi, amma masu gyara ne kaɗai ke cin ribarta.

Eriya iri biyu ce: ta ƙasa mai kamo tashoshin kusa, da faranti mai kallon tauraron ɗan'adam. Ta ƙasa tana son tsawo da saiti, saboda siginar talabijin a miƙe take tafiya, ba ta hawa tudu ta gangara. Daga Jibiya, Katsina tana gabas da ɗan karkata kudu, Maraɗi tana arewa, saboda haka eriya mai ƙashin kifi da aka saita domin NTA ko KTTV ta ba Télé Sahel gefe, sai an murɗa gorar da aka ɗaure ta a kai kwata guda. Eriyar da aka rubuta wa alkawarin kamo kowace kusurwa a jikin kwali takan kamo kowace kusurwa da rauni iri ɗaya. Masu ƙirƙira sun gwada murfin tukunya, da gargaren keke, da ƙonannen dogon ƙwan lantarki, kuma kowane ɗayansu yana da shaidun da za su rantse ya yi aiki a wani dare.

A zamanin tsohon tsari iyakar tana shiga har cikin akwatin talabijin. Najeriya ta bi PAL, Nijar ta bi SECAM na Faransa, don haka talabijin ɗin da bai iya duka biyun ba yakan nuna tashar maƙwabta baƙi da fari, wani lokaci ma babu murya. Ƙasashen biyu sun ɗauki tsarin dijital na DVB-T2, wanda Najeriya ta fara gwadawa a Jos a 2016, kuma mai saye ya duba ya ga an rubuta haka a bayan akwatin. Dijital ya kawar da yayyafin nan da ake hango ɗan wasa a cikinsa ana cikasa sauran da zato. Yanzu ko hoto ya zo cikakke, ko ya daskare, kuma an lura yana zaɓar lokacin bugun fanareti.

Babu eriyar da ta cika sai da yaron mota, wanda shi ne ke juya ta. Tsarin aikin sananne ne: yana sama riƙe da gora, maigidansa na ƙasa gaban akwati yana cewa, "Kai, juya dama. Ƙara kaɗan. Ya kawo! Tsaya nan." Shi kuma ya amsa, "Oga, in sauko?" Amsar ita ce a'a, domin jikinsa ya zama ɓangaren eriyar, yana sakin gora hoto zai ɗauke. Yaron da ya dace da wannan aiki mai haƙuri ne, wanda ba ya goyon bayan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke wasa. Abu biyu ne ba wasa a cikinsu: ba a hawa da gora idan hadari ya taso, kuma ba a ɗaga ta kusa da wayar lantarki.

Faranti ya fi tsada da nauyi, amma bai damu da nisan Katsina ko Maraɗi ba, tunda abin da yake kallo yana sama da kilomita 35,000 a saman tsakiyar duniya. Jibiya tana wajen digiri 13 arewa, don haka kowane faranti a nan kudu yake karkata. Na DStv yana neman tauraron da ke digiri 36 gabas, na Canal+ yana neman wanda ke digiri 22 yamma, shi ya sa a zango ɗaya ake ganin faranti biyu sun juya wa juna baya, ɗaya ana biyansa da naira, ɗaya da sefa. Mai neman na gabas yana iya farawa daga alƙibla ya riƙa zagayowa dama sannu a hankali. Faɗin santimita 60 zuwa 90 ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure faranti a jikin mota. Mota a kan sifirin take, ana sauke buhu goma ko wani mai jiki ya taka matakala sai ta motsa, kuma kaucewar digiri biyu ta isa ta ɓatar da tauraro. A kafa shi a ƙasa, a kan ƙafa uku ko tsohon rim da aka danne da duwatsu, a zana masa da'ira, a sanar da jama'a cewa ba wurin shanya riga ba ne. Ruwan Agusta mai ƙarfi yana yanke siginar, wannan kuwa ba shi da magani sai jira, abin da ayari ya riga ya ƙware a kai.

Kuɗin wata yana tafiya ko mota na tafiya ko tana tsaye, don haka dikoda mai kamo tashoshin kyauta, irin su Arewa24 da Sunna TV, ta fi dacewa da aljihun da bai san ranar sallama ba. Dogaro da intanet ɗin waya kaɗai ganganci ne, ganin cewa a Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, na tsawon watanni. Talabijin ɗin ayari dole ya kasance da ramin filashi, filashin kuma a cika shi da fina-finai masu dogon zango tun daga Katsina.

A bakin ƙofa, talabijin ɗaya kayan amfani ne, uku kuwa fatauci ne, kuma jami'in kwastan a wannan gefe da ɗan duwan a wancan duk sun iya ƙirga. Kwali yana kare akwati daga hanya, amma yana sa ya yi kama da haja. Mafita ita ce tsohon bargo, da rasit a cikin takardun mota, da ɗan ƙurar da ke nuna an daɗe ana tare. Idan jami'i ya tsaya yana duban fuskar akwatin fiye da kima, ba lallai ne akwai matsala ba. "Yallaɓai, ɗaya da ɗaya ake" takan wadatar.

Rimot yana hannun mai batir, ko da akwatin na wani ne. Ƙasashen biyu agogonsu ɗaya, don haka babu rigimar lokaci, sai ta tasha. Ana kashewa idan an kira salla, ana ba labarai haƙƙinsu, sannan ƙwallon Turai. Amma a makon gasar kokawa ta ƙasa, wadda Nijar ke yi tun 1975 ana ba zakara takobi, duk wanda ya nemi a canza tasha a gaban direbobin Maraɗi shi kaɗai zai ji da abin da ya biyo baya. Saboda yanayin tsaron yankin, fuskar akwati tana kallon mota ne ba daji ba, ana rage murya idan dare ya yi, kuma ba a kafa majalisa a inda ba zango ba.

Masu tafiya da raƙumi ko jaki suna iya bin duk waɗannan ƙa'idoji, da ƙarin guda ɗaya: raƙumi yana durƙusawa ne da gaba tukuna, don haka akwatin ya kasance a ɗaure ta baya.

Da asuba ana fara sauke gora, domin an sha ganin mota ta tashi da ita a tsaye. Sai a cire waya daga batir, a naɗe kebul, a mayar wa mai shayi duwatsun murhunsa da aka danne faranti da su. Rimot ake nema daga ƙarshe, kuma yawanci yana aljihun wanda ya fi kowa rantsuwar bai taɓa shi ba.